Na gwada hedifon masu tsada a wurin baje koli, na dawo a rikice: yaya zan kwatanta su?

Wani matashi daga Tudun Wada ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Injiniya, barka da aiki. Wasu masu sha'awar kayan sauti sun haɗa ƙwarya-ƙwaryar baje koli a ɗakin taron wani otal a nan Kaduna. Kowa ya kawo abin da ya mallaka, wani dillali kuma ya zo da kaya daga Legas. Na ɗora Sennheiser HD 800 S da Focal Utopia da Audeze LCD-X da HiFiMan Susvara da wani Stax, har da tsohon HD 600 na wani dattijo. LCD-X ne ya fi kwanta mini. HD 800 S na ji shi fayau ba nauyi, Susvara da ake ta kurantawa kuwa ban ji abin a zo a gani ba. Abokaina sun ce kunnena ne bai waye ba, wai mai tsada shi ne mai kyau. Za a sake zama, kuma ina da niyyar saye. Tilawa na fi saurara, sai kiɗan gargajiya da waƙoƙin zamani, ina kuma ɗan taɓa gyaran murya a gida. Yaya zan kwatanta su?"

Ƙanena, barka kadai. Ka kwantar da hankalinka, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka ji, ka ji shi. Sai dai ba hedifon kaɗai ka saurara a ɗakin nan ba. Ka saurare shi haɗe da amfilifayar da aka jona masa, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi cikin hedifon, da ƙarar da mai teburin ya murɗa maka, da surutun jama'a, da gurnanin janaretan otal, da kuma farashin da aka raɗa maka kafin ka ɗora shi a ka. Ko a manyan tarukan waje, irin CanJam da ake yi a New York da Landan da Singafo, haka abin yake: zaure ɗaya, tebura a jere, kowa na magana. Amfanin irin wannan zama shi ne ka rage jerin, daga shida ka koma biyu. Hukuncin da za ka zare kuɗi a kansa kuwa, a ɗaki mai shiru ake yanke shi.

Babban mayaudari a wurin nan shi ne ƙara. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. Idan ƙara ta yi ƙasa, amon bes, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, da siririn sautin can sama su ne ke fara ɓacewa, a bar ka da tsakiya. Da an ɗan ƙara sai su dawo. Saboda haka in aka miƙo maka hedifon biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya da desibel (ma'aunin ƙara) ɗaya ko biyu kacal, bakinka ba zai ce "wannan ya fi ƙara" ba. Cewa za ka yi "wannan ya fi cika, komai ya fito." Masu sayar da kayan sauti sun daɗe da sanin haka, ko da yake yawanci ba da gangan ake yi ba, hannu ne kawai ke murɗawa.

To dubi kayan da ka gwada. LCD-X ba shi da cin wuta ko kaɗan: miliwat ɗaya, wato ɗan ƙanƙanin ƙarfin wuta, na ba shi kusan desibel 103, kuma om 20 ne kawai (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wutar da ake tura masa), ko ƙaramar na'ura tana iya tuƙa shi. Utopia ma haka, 104 yake bayarwa. Susvara kuwa 83 ne. Tazarar desibel 20 ba wasa ba ce, sai an ba Susvara ƙarfi ninki 100 kafin ya kamo LCD-X a ƙara. HD 800 S da HD 600 su kuma om 300 ne, bolt suke so mai ɗan yawa kafin su buɗe baki. In a amfilifaya ɗaya aka riƙa jona su ana cirewa, aka bar maɓallin ƙara kusa da inda yake, to LCD-X ya ci gasar tun kafin a fara ta. In kuma ƙaramar amfilifaya aka ba Susvara, za ta ƙure ƙarfinta, gangar da ya kamata ta daki ƙirji ta fito a mace. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan da shi.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka. Ka yanko kwali mai faɗin da zai rufe kofin hedifon, ka huda tsakiyarsa daidai bakin makirfon wayar. Ka kunna sautin gwajin nan mai yin shuuu, ka rufe kofin da kwalin, ka murɗa har ma'auni ya tsaya, misali a 75. Ka sa alama a maɓallin da ɗan salatif, ka yi wa na biyun haka. Ma'aunin waya ba na ɗakin bincike ba ne, lambar da ya nuna tana iya kaucewa, amma tunda da shi ɗin ka auna duka biyun, ya isa ya daidaita maka su. In mai teburin ya ga abin ya yi masa yawa, to aƙalla ka kunna muryar mutum yana magana, ka daidaita da kunne har ka ji kamar daga tazara ɗaya yake yi maka magana a duka biyun. Mai kaya da ya hana ka taɓa maɓallin ƙara, ka yi masa godiya ka wuce.

Sai hayaniya. Duk shidan da ka lissafo buɗaɗɗu ne, wato bayan kofinsu raga ce, iska na shiga tana fita. Sennheiser ne ya fara fito da irin wannan ƙira a 1968 da HD 414, kuma har gobe manyan hedifon galibi haka suke, domin rufaffen kofi yana dawo da sauti cikin kunne ya gurɓata shi. Amma buɗaɗɗe ba ya tare komai. Na'urar sanyaya ɗaki da janareta amonsu a ƙasa yake, daidai inda bes ke zaune, sai su danne shi. Surutun mutane kuma ya danne ƙananan abubuwa, irin numfashin mai karatu da amsa-kuwar ɗakin da aka naɗi murya, waɗanda su ne ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsu. HD 800 S dama ba mai yawan bes ba ne, kuma yana da ɗan kaifi a wajen Hz 6,000 (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba kuma siriri). Tsohon HD 800 na 2009 ya fi shi wannan kaifin, shi ya sa aka ƙara wa na S wani ɗan abu a tsakiyar lasifikarsa don ya shanye shi, amma bai tafi duka ba. A ɗaki mai hayaniya sai ka rasa ɗan bes ɗin da yake da shi, ka ƙara murya don ka nemo shi, kaifin ya sare ka. Dole ka ji shi fayau. Ka je da wuri kafin a cika, ko da zarar an idar da Azahar kafin jama'a su dawo daga cin abinci, za ka sha mamakin yadda zai canza maka.

Yana da kyau ka san abin da ke cikin kowanne, don ka san inda za ka kasa kunne. Su Sennheiser da Focal ƙirar lasifika ce da ka sani: tantani, da naɗin waya a manne da shi, da maganaɗisu. Focal, kamfanin Faransa da ke Saint-Étienne, da ƙarfen beriliyam ya yi tantanin Utopia, ƙarfe ne mara nauyi mai tauri. Audeze na Amurka da HiFiMan nasu daban ne: shimfiɗaɗɗen tantani ne mai faɗi da aka zana wa layukan waya a jiki, aka sa shi kusa da jerin maganaɗisu, sai ya motsa gaba ɗaya. Irin waɗannan bes ɗinsu na sauka har ƙasa ba tare da ya zube ba, amma maganaɗisun na ƙara musu nauyi. Stax na Japan, da ya fara fitar da nasa a 1960, babu maganaɗisu sam. Tantani ne da ya fi gashin kai siranta, a tsakanin faranti biyu masu huji, ana ɗora masa cajin bolt 580. Ba ya jan mutum, amma sai da amfilifayarsa ta musamman, ba a jona shi a waya ko kwamfuta. A wannan gidan ne HE 1 na Sennheiser yake, mai gindin dutsen marmara, wanda aka fitar a 2015 a kan kusan Yuro 50,000. Wannan na kallo ne, mu bar shi.

Yanzu abin da za ka saurara. Kada ka yarda da waƙoƙin da mai tebur ya zaɓa. An zaɓe su ne don kowane hedifon ya yi kyau da su, galibi mace ɗaya da jita ɗaya a ɗaki mai tsit, kuma kai ba ka san yadda ya kamata su fito ba. Ka zo da naka a filashi ko a waya, abin da kunnenka ya haddace. Kuma abin da kake saurara ya fi nasu iya tona asirin hedifon.

Tilawa ita ce gwajin farko. Murya ce tsirara, ba kiɗan da za ta ɓuya a bayansa. Ka zaɓi makarancin da ka san muryarsa sarai, ka kasa kunne ga sin da sad da shin. In hedifon yana da kaifi fiye da kima, sin zai riƙa sukar kunne kamar ana fito, ka rasa bambancinsa da sad. In kuma ya danne sama-saman murya, sai ka ji kamar makarancin ya sa hannu a baki, ha da ain su rasa maƙogwaronsu. Ka saurari gunna, ta cika ko ta koma ta hanci zalla. Ka saurari inda ya tsaya ya ja numfashi, da yadda amon masallaci ke mutuwa a hankali bayan aya. A wannan fage tsohon HD 600 na dattijon nan, da ka wuce shi ba ka ce komai a kansa ba, yana ba waɗanda suka ninka shi kuɗi sau goma kunya. Tun 1997 yake kasuwa, kuma har yau masu aikin murya suna auna wasu da shi.

Kalangu shi ne na biyu. Abu biyu ne a cikin bugu ɗaya: ƙas ɗin makaɗi a kan fata, da amon da ke biyo baya yana hawa yana sauka yayin da makaɗin ke matse tsirkiya a hammata. Hedifon mai kyau zai raba maka su, ka ji sanda ka ji murya. Wanda bes ɗinsa ya kumbura sai ya dama su wuri ɗaya, maganar da kalangun ke yi ta ɓace. Utopia gwani ne a nan, bugu yana fitowa da ƙarfi a tsaye, sai dai yana kawo makaɗan kusa da kai sosai. HD 800 S kuwa, saboda girman kofinsa da yadda aka karkata lasifikar tana fuskantar kunne daga gaba, yana baje su: mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi a gefe, masu kiɗa a baya. In waƙar taron fada ce mai 'yan amshi da yawa, babu wanda zai buɗe maka fili kamarsa a cikin shidan. Ka ƙara da algaita ko kakaki ko goge, su ne ke nuna ko za ka iya jure hedifon na awa biyu. Kuntigi ko garaya kuma su nuna maka yadda tsirkiya ke tashi da yadda take mutuwa, a nan ne Stax ke burge mutane, don babu nauyin da ke riƙe tantaninsa.

Waƙoƙin zamani na fiyano, masu bes ɗin kwamfuta da ke sauka ƙasa da Hz 40, su ne gonar LCD-X da Susvara. HD 600 a nan yana gazawa, za ka ji alamar bes ɗin amma ba za ka ji nauyinsa ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawancin abin da ke wayoyinmu ya bi hannu da yawa: an ɗauko daga tsohon kaset, mai tura waƙa ya matse shi don ya shiga memori, an tura a WhatsApp an sake turawa. Hedifon na dala dubbai ba ya gyara wannan, tona shi yake yi. Shuuwar kaset da ƙaiƙayin matsewa duk zai ɗora maka su a tire. Saboda haka ka zo da iri biyu: mai tsabta, wato fayil ɗin FLAC da matsewa ba ta rage masa komai ba, ko MP3 mafi inganci mai lamba 320, don ka ji iyakar hedifon, da kuma irin wanda kake saurara kullum, don ka ji yadda zaman ku zai kasance. In kaso mafi yawa na tarinka tsofaffin naɗi ne, mai tausasawa irin HD 600 ko ɗan'uwansa HD 650 ya fi maka mai tonon silili.

Kan yadda za ka yi sauraren: kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Bayan nan abin da ya rage maka labari ne da ka ba kanka. Saboda haka biyu-biyu ake yi, kuma a tebur ɗaya in da hali. Ka yanki daƙiƙa 20 zuwa 30 na abu ɗaya, ka ji a na farko, ka sauya da sauri, ka sake komawa na farkon. Komawar nan tana da muhimmanci, don sau da yawa abin da ka zata sabo ne a na biyu yana nan a na farko, kai ne ba ka lura ba sai da ka maimaita. Kowane zagaye abu ɗaya za ka bi, ko murya, ko ganga, ko faɗin fili. Ka rubuta kalma biyu uku a takarda kafin ka ce wa kowa komai, don da zarar na kusa da kai ya ce "ka ji yadda ya buɗe?" to ka ji ɗin ke nan. Kuma ka riƙa fita kana hutawa. Wanda ya taɓa shiga shagon turare a Kasuwar Barci ya san bayan an shafa masa kala biyar a hannu hanci ya daina rarrabewa, sai mai ƙarfi kawai yake ji. Kunne ma haka yake, kuma shi gajiyarsa tana iya zama lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 mutum na iya saurara har awa 40 a mako, amma in ta kai 90, awa 4 ne kacal. A ɗaki mai hayaniya da buɗaɗɗen hedifon, mutum na haura 90 bai sani ba.

Maganar abokanka cewa mai tsada shi ne mai kyau, an auna ta. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya auna hedifon 283 ya buga sakamakon a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, bai sami wata alaƙar kirki tsakanin farashi da yadda hedifon ke daidaita sautuka ba. Kafin nan, a 1994, Floyd Toole da Sean Olive sun gwada lasifikoki a kamfanin Harman: makin da mutane suka bayar suna ganin kayan ya sha bamban da wanda suka bayar da aka sa labule, ido ya ɗaga manya masu sheƙi. Shi Olive ɗin da abokan aikinsa ne kuma suka fitar da ma'aunin da ake kira na Harman tun daga 2013, wato yadda akasarin mutane ke son hedifon ya daidaita bes da tsakiya da sama in ba su san sunan abin da ke kansu ba. Sun samu kusan kashi 64 cikin 100 sun fi son ma'aunin yadda yake, kashi 15 na son ƙarin bes, kashi 21 na son a rage. Ka ga ko a nan ba a taru an zama ɗaya ba. In kai cikin masu son bes kake, ba rashin wayewa ba ne. Ban ce tsada ba ta sayen komai ba. Tana sayen ƙira mai kyau, da ƙarancin gurɓatar sauti in an ƙure ƙara, da daidaiton kunnen dama da na hagu. Amma tazarar da ke tsakanin HD 600, da bai kai dala 500 ba, da Susvara na dala 6,000, ba ta kusa da ninkin da ke tsakanin kuɗinsu.

Wajen ɗorawa, ka cire hula. Na ga mutane da yawa suna ɗora hedifon a kan zanna-bukar, kofin ya ɗage daga muƙamuƙi, bes ya zube, su ce kayan ba shi da kyau. Ƙafar tabarau mai kauri ma tana buɗe kafa a jikin soson da ke kewaye da bakin kofin. 'Yan'uwa mata kuma su sani cewa ɗankwali ko hijabi a tsakanin kunne da soso yana rage siririn sauti, sai a gwada dukkansu a yanayi ɗaya. Ka ɗan matsa kofin gaba da baya, sama da ƙasa, musamman HD 800 S mai faɗin ciki, don sautinsa na sauyawa da wurin zaman kunne. Ka dubi soson ma. Na dattijon nan in ya shekara biyar ba a canza ba ya kwanta, sautin ya yi duhu, ba shi ne HD 600 na gaskiya ka ji ba.

Nauyi kuwa minti biyar ba ta nuna shi. HD 600 wajen giram 260 ne, HD 800 S 330, Utopia 490, LCD-X ya haura 600. Wanda zai zauna gyaran murya daga bayan Isha'i zuwa tsakar dare, wuyansa zai ba shi labari. Ka roƙi mai shi ya bar ka da shi a ka na minti 20 ko da ba a kunna komai ba. Ka kuma tuna ɗakin otal na da sanyi. Soson fata da ya yi maka daɗi a can, a zafin Maris da Afrilu a Tudun Wada, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, gumi zai cika shi. Na fatar roba kuma ɓarewa yake yi. Soson yadi mai laushi irin na Sennheiser ya fi dacewa da yanayinmu.

Tunda an zo kan yanayi, Stax ba na kowane gida ba ne a garin nan. Abokan gabansa biyu ne, ƙura da laima, mu kuma muna da hunturu muna da damina. Ƙura in ta samu shiga sai ya fara tsuwa, laima kuma ta sa kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Sai mai ɗaki a rufe da murfin ajiya. Kuma duk amfilifayar da za ka saya ka juya bayanta ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce, na kasuwar Japan 100 ne, na Amurka 120. Akwai masu sauyawa da kansu, akwai waɗanda in ka jona kai tsaye hayaƙi za ka gani. Ko ta dace da wutarmu, kada ka haɗa ta da bango ba sitabilaiza, kuma ƙaramin janareta da inbata mai araha suna shigar da zuu a cikin sauti, wanda hedifon mara cin wuta irin LCD-X da Utopia ke saurin ɗaukowa. Lissafin Susvara kuwa ba ya ƙarewa a kuɗinsa, sai ka ƙara na babbar amfilifaya.

Ka tambayi dillalin abu uku kafin ku yi ciniki: in lasifikar kunne ɗaya ta mutu ina za a kai, wa zai biya kuɗin aikawa, kuma soso da igiya ana samunsu a nan ko sai an yi oda. HD 600 kusan duk sassansa da hannu ake cire su a mayar, ba sai an je wurin mai gyara ba. Utopia da Susvara in suka lalace sai sun ƙetare teku, da dala.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Utopia da Susvara da Stax ka saurare su don ilimi, ka san inda iyakar abin take, ka ajiye. Gasarka tsakanin LCD-X da HD 600 take, HD 800 S kuma ka ba shi dama ta biyu a cikin shiru kafin ka sallame shi. LCD-X da ya kwanta maka kaya ne na ƙwarai, masu haɗa kiɗa da yawa suna aiki da shi. Amma ka san dalilin da ya sa ya yi daɗi a hayaniya: bes ɗinsa cikakke ne, kuma yana ɗan kwantar da sama-saman murya, wajen Hz 3,000 zuwa 5,000, don haka ko an ƙure ba ya cizo. Ga mai gyaran murya wannan tarko ne. Za ka ji muryar ta yi duhu, ka ƙara mata haske, mai saurara a lasifikar waya ko a rediyon mota ya ji tana tsaga kunne. Ana gyara wannan da manhajar daidaita sauti, Equalizer APO a kwamfuta ko Wavelet a wayar Android, duka akwai na kyauta, kuma da su ɗin za ka iya ƙara wa HD 600 ɗan bes ɗin da ya rasa. Tunda tilawa da murya ne rabin rayuwarka, ni HD 600 zan ɗauka da amfilifaya matsakaiciya mai tsabta. Ragowar kuɗin ka sayi rufaffe guda, Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 80 ko Sony MDR-7506, domin buɗaɗɗe ba ya yin naɗi, sautinsa na zuba cikin makirfo, kuma ba zai yi maka amfani a jirgin Rigasa zuwa Abuja ba. Shi 7506 jabunsa ya yi yawa a kasuwa, sai a wurin wanda zai ba ka rasit.

Wanda duk ka tsayar, ka nemi dillalin ya ba ka rabin awa da shi a ɗakinsa na otal ko a gidanka, da na'urar da za ka riƙa amfani da ita, ba tasa ba. Ka kunna muryar mutum ɗaya da aka naɗa a tsakiya, ka rufe ido ka ji ko tana tsaye daidai tsakiyar kanka. In ta karkata, ka juya hedifon dama ta koma hagu: in karkatar ta bi shi, laifin kayan ne. Ka kunna sautin gwaji mai tashi daga ƙasa zuwa sama a hankali, ka saurari ko akwai inda yake kakkaɓi ko zizza. Ka girgiza igiyar a bakin kofi da bakin fulogi ka ji ko tana yankewa, sannan ka duba lambar jikinsa ta yi daidai da ta kwali da ta rasit.